Difa: baƙon da sana'a ta zaunar

Kogin Kumadugu ya raba Nijar da Najeriya, amma bai raba kasuwa ba. Daga Difa zuwa Boso, gonakin tattasai sun dogara ga injin ban-ruwa, injin kuma ga mai gyara. Wasu masu gyaran daga Barno suka ƙetaro. Aiki ya zaunar da su, aure ya kafa su.

Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta bai wa baƙo kwana 90 ba biza, ta 1986 ta ƙara masa haƙƙin zama. Nijar ta fice a Janairun 2025, ko da yake ƙawancen AES ya yi alkawarin barin ƙofa buɗe. Manoma sun daɗe da shaidar gwaninsu, sai dai a shingen bincike takarda ake tambaya.