Jiran Haske a Abisko

A Abisko, can arewacin Suwidin, rana kan yi makonni ba ta leƙo ba a tsakiyar hunturu. Da dare ɗan jagora kan ɗaura wa baƙi faffaɗan takalmi mai kama da faifai, don kada ƙafa ta nutse a dusar ƙanƙara, ya ja su ta cikin itatuwa zuwa bakin tafkin Torneträsk. Ba a gaggawa. Wanda ya yi sauri gumi zai jiƙa shi, da an tsaya kuwa sanyi ya kama shi.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lokacin da ake cewa kowa ya kashe tocila, domin ido na bukatar kusan minti 20 kafin ya saba da duhu. Shi kuwa hasken da ake zuwa jira a sararin sama, ɓurɓushin da rana ke fesowa ne ke karo da iskar oksijin, sama da kilomita 100 a bisa. Sau da yawa ma toka-toka ido ke ganinsa, kyamara ce ke fito da korensa. Wani daren gajimare ya rufe, a sha abin zafi a juyo, kuɗi kuwa an riga an biya.