Yaƙin Hitila: Shin Na Mutum Ɗaya Ne?

A ƙasar Hausa ba a cika cewa Yaƙin Duniya na Biyu ba sai a littafin makaranta. Tsofaffinmu Yaƙin Hitila suke kiransa, har sukan lissafa shekarun haihuwa da shi. Na daɗe ina juya wannan suna a zuciyata. Yaya za a yi yaƙin da aka shekara 6 ana gwabzawa, ya ci rayuka fiye da miliyan 50, a laƙaba masa sunan mutum guda? A ganina tsofaffin suna da gaskiya, sai dai sun ambaci ɗaya sun bar ɗaya. Na biyun shi ne Sitalin na Tarayyar Sobiyet, watau Rasha da ƙasashen da ta haɗa a ƙarƙashinta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne wata magana da nakan ji a bakin 'yan'uwana ɗalibai in ana muhawara a ɗakin kwana ko a gindin bishiya. Sukan ce ƙasa ba za ta gyaru ba sai an sami mutum ɗaya mai ƙarfi, wanda in ya ce a yi, a yi, babu mai ja da shi. To, ga mutum biyu da suka sami irin wannan iko cikakke. Bari mu duba abin da suka yi da shi.

Hitila ya hau mulkin Jamus a 1933, ya rushe jam'iyyu, ya toshe bakin jaridu, ya ce Jamusawa su ne zaɓaɓɓun halitta, Yahudawa da 'yan gurguzu kuwa abokan gaba ne. Sitalin shi ne jagoran 'yan gurguzun, kuma tun kafin yaƙi ya riga ya share duk wanda yake zargi. A 1937 da 1938 ya sa aka kama dubban hafsoshin sojansa, aka kashe da yawa, har da uku daga cikin manyan mashal guda biyar da ƙasar ke da su. Waɗanda suka tsira sun ɗauki darasi: in kana son kanka ya kwana a wuyanka, faɗa wa maigida abin da yake so ya ji.

Kowa ya san waɗannan biyu ba sa ga maciji da juna. Amma ranar 23 ga Agusta 1939 sai ga ministan harkokin wajen Jamus a Masko, aka sa hannu a yarjejeniyar cewa ba za su kai wa juna hari ba. A ɓoye kuma suka raba Folan da ƙananan ƙasashen gaɓar tekun Baltik kamar masu rabon gado. Ranar 1 ga Satumba Jamus ta auka wa Folan daga yamma, bayan kwana biyu Ingila da Faransa suka ƙaddamar da yaƙi, ranar 17 ga wata kuma sojan Sitalin suka shigo daga gabas suka ɗauki kasonsu. A 1940 ya ba da umarni aka kashe hafsoshi da masu ilimin Folan kimanin 22,000, laifin da gwamnatin Sobiyet ba ta amsa ba sai a 1990.

Wannan yarjejeniya ita ce ta buɗe ƙofar yaƙin. Da Hitila ya tabbata babu mai dukansa ta baya, sai ya juya yamma ya cinye Holan da Beljiyam da Faransa cikin 'yan makonni a 1940, alhali jiragen ƙasa na ta kawo masa hatsi da man fetur daga Rasha. Ta nan ne wutar ta iso mana. Musolini na Italiya ya ga Faransa ta durƙusa, ya shiga yaƙin don a yi rabon ganima da shi, saboda haka aka kwashi sojan Nijeriya suka je suka yaƙi Italiyawa a Somaliya da Habasha a 1941. Japan ta ga Turawan mulkin mallaka sun raunana, ta mamaye ƙasashen da suke riƙe da su a Asiya, saboda haka kakanninmu suka tsinci kansu a dazuzzukan Bama. Mutumin da aka ɗauka soja a Zariya ko Katsina bai san da wata takarda da aka sa wa hannu a Masko ba, amma ita ce ta share masa hanyar zuwa can.

Abota ta kura da kura ba ta daɗewa. Ranar 22 ga Yuni 1941 Hitila ya auka wa Rasha da soja fiye da miliyan 3. Abin mamaki a nan shi ne, ba rashin labari ya sa aka mamayi Sitalin ba. 'Yan leƙen asirinsa sun sanar da shi, Cacil na Ingila ma ya aika masa da gargaɗi, amma ya ce makirci ne don a haɗa shi faɗa da Jamus. Wa zai matsa masa? Masu iya matsawar ai ya riga ya binne su. A ranar farko kaɗai aka lalata jiragen samansa fiye da 1,000, da yawa suna ajiye a fili ba su ko tashi ba. Da aka rasa wanda za a ɗora wa laifi, sai aka harbe Janar Fablof, kwamandan rundunar yamma. Janar Zukof ya ba da shawara a janye soja daga birnin Kiyef tun ba a yi musu zobe ba, Sitalin ya tuɓe shi daga shugabancin hafsoshi. A watan Satumba aka yi zoben, aka kama fiye da mutum 600,000.

Shi kuwa Hitila nasara ce ta bugar da shi. Mutanen Yukiren ba su manta da yunwar 1932 da 1933 ba, wadda manufofin Sitalin suka jawo ta kashe miliyoyi, kuma wasunsu sun tarbi Jamusawa da murna. Amma aƙidarsa ta ce su ba cikakkun mutane ba ne, sai aka shiga kisa da bautarwa, aka bar fursunonin yaƙi kimanin miliyan 3 suka mutu a hannun Jamus, ban da Yahudawa miliyan 6 da aka hallaka a faɗin Turai. Ya mayar da masu ƙin Sitalin suka zama masu yi masa yaƙi. A Disamba 1941 sanyi da turjiyar Rashawa suka tsayar da shi a ƙofar Masko. A cikin watan nan, ranar 11, ya ƙaddamar da yaƙi a kan Amurka da bakinsa, sa'an nan ya sallami babban kwamandan sojan ƙasa ya naɗa kansa a gurbinsa.

Inda na fi so mai karatu ya tsaya ya lura shi ne Sitalingirad, birnin da ke bakin kogin Bolga, wanda a lokacin yake ɗauke da sunan Sitalin kansa. A nan hanyoyin mutanen biyu suka rabu. Wuya ta koya wa Sitalin sauraro kaɗan. Ya jawo Zukof da Basilefski kusa, ya bar su suka tsara dabara, ya kuma rage ikon 'yan siyasar da ke sa ido a kan kwamandoji. Hitila kuwa a daidai lokacin ya kori shugaban hafsoshinsa saboda yana yi masa musu. A Nuwamba 1942 Rashawa suka zagaye runduna ta shida ta Jamus. Janar Faulus ya nemi izinin fasa zoben ya fita, Hitila ya hana. Da abin ya ƙare sai ya ƙara masa girma zuwa mashal, da nufin ya kashe kansa maimakon ya ba da kai. Faulus ya ba da kai. A farkon Fabrairu 1943 mutum kimanin 91,000 suka shiga hannu, waɗanda suka sake ganin gida ba su wuce 6,000 ba. Hausawa sun ce mai shawara aikinsa ba ya ɓaci, kuma daga nan har ranar 30 ga Afrilu 1945 da Hitila ya kashe kansa a ramin ɓuya a Balin, baya baya Jamus ta yi ta ja.

Kada wani ya ce to ai Sitalin ya ci nasara, ashe mulkin ƙarfi ya yi rana ke nan. A tambayi kuɗin da aka biya. Tarayyar Sobiyet ta yi asarar rayuka wajen miliyan 27, kuma wani kaso na wannan asara taurin kansa na 1941 ne ya jawo shi. Sauraron ma na dole ne, ba halinsa ne ya sake ba. A 1944, ana tsakiyar yaƙi, ya kwashe al'ummar Ceceniya da Tatar na Kirimiya, Musulmi, daga ƙasarsu a taragon dabbobi zuwa tsakiyar Asiya. A 1946 ya tura Zukof ɗin nan can nesa da fada don kada sunansa ya rufe nasa. Sai bayan mutuwarsa a 1953 aka sami bakin magana, har Kurushef ya tona wani ɓangare na ta'asarsa a 1956.

Ni dai abin da na tsinta a cikin wannan labari shi ne, kuskure kowa na yi, sarki da talaka. Bambancin kawai, inda akwai majalisa da jarida da alƙali da mai faɗa a ji, akan tare kuskuren tun yana ƙarami. Inda aka kashe waɗannan, kuskuren mutum ɗaya yakan zama makabartar miliyoyi. Kuma babu ɗaya daga cikin biyun nan da ya yi aikin shi kaɗai. Masu digiri ne suka rubuta masa takardu, injiniyoyi suka ƙera, malamai suka koyar, fadawa suka yi ta amshi.

Wannan ne ya shafe mu, 'yan'uwana. Gobe wasunmu ne za su zauna kusa da masu mulki a matsayin sakatarori da mashawarta da hafsoshi. Ranar da maigida zai kawo shawarar da muka san ɓata ce, za mu iya cewa, "Ranka ya daɗe, a sake dubawa," ko kuwa za mu ce hakan shi ne daidai don tsoron kujera? Ni ina ganin gara shugaba mai matsakaicin wayo da ake iya gaya wa gaskiya, da gwani wanda ba a isa a ce masa a'a ba.

Allah ya ba mu shugabanni masu sauraro, mu kuma ya ba mu ƙarfin halin faɗar gaskiya, amin.