Mudun Awon Daɗin Kallo

Hatsi da mudu ake auna shi, yadi da kamu, tafiya kuwa da mil. To, daɗin kallo fa, da me za a auna shi? Wannan tambaya ta daɗe tana yi mini kai-kawo a zuci, domin rabin karatuna na adabin baka a waya nake yinsa, ina kallon makaɗa da mawaƙa a YouTube.

Bari in fara da yadda abin yake aiki. Ba a turo wa mai kallo bidiyo ɗungurungum. Yayyanka shi ake yi gunduwa-gunduwa, kowacce kamar daƙiƙa 2 zuwa 10, a ajiye ta a matakai daban-daban, tun daga mai dishi-dishi irin 144p har zuwa garau irin 1080p. Wayarka ce ke duba ƙarfin intanet, ta ɗauko wadda za ta iya. Kamfanin Apple ya fito da tasa hanyar, HLS, a 2009, a 2012 kuma aka buga ƙa'idar duniya mai suna MPEG-DASH. Shi ya sa kana cikin kallo sai ka ga fuskar mawaƙi ta dushe, can kuma ta washe.

Masu wannan sana'a ba su zauna ba wajen neman mudu. Tsohuwar hanya ita ce a tara mutane a nuna musu, kowa ya ba da maki daga 1 zuwa 5, a fitar da matsakaici. Da yake wannan na cin kuɗi da lokaci, a 2016 kamfanin Netflix ya fito da ma'aunin VMAF, wanda aka horar da shi da makin da mutane suka bayar, yana yanke wa hoto hukunci daga 0 zuwa 100. Hoto kawai fa, ba ruwansa da sauti. Ƙa'idar P.1203 ta Hukumar Sadarwa ta Duniya ta ɗara shi a nan, don ta haɗa hoto da sauti da yawan tsayawar bidiyo.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne binciken da Krishnan da Sitaraman suka buga a 2012, bayan sun duba kallo miliyan 23 a na'urorin kamfanin Akamai. Sun gano cewa in bidiyo ya wuce daƙiƙa 2 bai tashi ba, mutane sukan fara watsewa, kuma kowace daƙiƙa da ta ƙaru sai masu tafiya su ƙaru da kashi 5.8 cikin ɗari. Sun kuma gano cewa masu intanet mai ƙarfi su ne suka fi gajen haƙuri, masu kallo a waya suka fi jurewa.

Jama'a, a nan ne nake da ja. In kamfani ya ɗauki rashin tafiyata a matsayin gamsuwa, to ya auna haƙurina ne kurum. Mu da muka saba zuba wa 'yar da'irar nan ido tana juyawa, rashin zaɓi ne ya zaunar da mu.

Akwai kuma ɗaya gefen. Ni da hannuna nake sauke bidiyo zuwa 240p, saboda kuɗin data daga kuɗin abincina yake fita. Ma'aunin hoto zai rubuta cewa na sha wahala, alhali kuwa muddin muryar Shata na fita tangaran, kalangu na amsawa, ni buƙata ta biya. Abin da ke ɓata mini rai shi ne bidiyo ya cije a tsakiyar baiti, 'yan amshi sun buɗe baki, ni kuma alƙalamina na kan takarda ina jiran ƙarshen kalma.