Ciniki Da Yardar Mai Saye: Abin Da Kwamfuta Ta Koya Mana A Miga

Ya 'yan'uwa fatake da ma'aikata, mu 'yan kwamitin wata makarantar Islamiyya ne a Miga. Mun yi karo-karo, muka tafi Dutse muka sayo kwamfutar tafi-da-gidanka domin rajistar almajirai da lissafin kuɗi. Da muka tambayi mai shago nawa ne kuɗin na'ura, nawa ne na babbar manhajar da ke gudanar da ita, wato Windows, sai ya ce haka take zuwa, ba a rabawa.

Ba mu damu ba sai da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba, 2025, ga shi tamu ba ta ɗaukar Windows 11. Na'ura lafiyayya, amma aka ce mu sake wata. Wani ya ce a sa mana manhajar sata, muka ƙi, domin dukiyar wani ce. Daga baya wani malaminmu matashi ya sa mata Linux, wadda masu ita suka bayar kyauta, aiki ya ci gaba. Ashe tun farko akwai zaɓi, ba a dai faɗa mana ba.

Lalle haɗa kaya biyu a kuɗi ɗaya bai ɓata ciniki. Amma wanda ya sayi jaki a Shuwarin ba a tilasta masa mangalar mutum guda. Shari'a ta hana ɓoye kaya da tarbar fatake a hanya domin kada wani ya rufe wa jama'a ƙofar kasuwa, aikin muhtasibi ke nan tun da.

Hukumomin zamani ma sun gane haka. A 1994 gwamnatin Amurka ta sa Microsoft ya bar karɓar kuɗi a kan kowace na'urar da aka ƙera, ko da ba manhajarsa a ciki. A 2004 Tarayyar Turai ta ci shi tarar Yuro miliyan 497. A 2014 babbar kotun Italiya ta ce wanda bai so manhajar ba a mayar masa da kuɗinta. A nan gida kuwa, a 2019 aka sa hannu kan dokar da ta kafa hukumar FCCPC mai kula da gasa da haƙƙin masu saye.

Saboda haka muna kira ga 'yan kasuwa su bayyana wa mai saye abin da ke cikin na'ura, da ko na halal ne. Ma'aikata masu sayo wa ofisoshi da makarantu kuwa, dukiyar jama'a amana ce, su tambaya kafin su sa hannu. Mu da ba mu tambaya da wuri ba, saura kaɗan mu kashe kuɗin almajirai a banza.

Allah Ya tsarkake mana cinikinmu, amin.