Kiran Mace a Mandon da Na Tashi

A Mando na yi ƙuruciyata, cikin shekarun 1990, lokacin unguwar ba ta cika ta batse kamar yau ba. Mahaɗa ce tun asali: ga tashar motocin da ke bin hanyar Birnin Gwari su nufi Legas, ga barikin sojojin sama, ga sansanin alhazai, ga titin da ya miƙe zuwa Afaka da filin jirgi. Bahaushe da Bagwari da Banufe da Bayarabe, kowa da maƙwabcinsa na wata ƙabila. A irin wannan cakuɗa, kafin yaro ya iya karatun allo ya riga ya san yadda ake buɗe baki a kira mace, da yadda mace ke kiran namiji.

Ban taɓa jin sunan mahaifina a bakin mahaifiyata ba. Malam take ce masa, idan kuma da mu take magana sai ta ce babanku. Akwai wani yaron maƙwabta da ya ci sunansa. Har ya yi aure "mai sunan Malam" take kiransa. Haka take alkunya da yayanmu, ɗanta na fari, sai dai ta ce "yaron nan", ko ta aiki ɗayanmu ya kira shi. Shi ma mahaifina ba ya kama sunanta a gabanmu. Gyaran murya yake yi daga zaure, sannan ya ce, "Ina mamanku?" Amma bambancin yana nan: shi in ya ga dama ya faɗi sunanta babu mai cewa uffan, ita kuwa da ta kuskura da ta zama abin faɗi a gidan suna. Nauyin alkunya a kan mata ya fi sauka, kuma ban ga dalilin ɓoye wannan ba.

A waje ma akwai tsari. Namiji baligi ba ya kutsa kai gidan matan aure; yaro yake samu ya ce masa, "Shiga ka ce ana sallama da maigidan." In maigidan ba ya nan, daga bayan ƙyaure matar za ta amsa, a gaisa da "ku": kun wuni lafiya, ya yara, a gaishe shi in ya dawo. Macen da ba ka sani ba baiwar Allah ce, ko Malama. Wadda ta yi sa'ar uwarka Inna ce ko Gwaggo. Matan barikin sojoji kuwa da sunan 'ya'yansu ake kiransu, Maman wane, Maman wance, har matan Hausawa suka ari salon. Wasa yana da nasa gurbi: ƙanin miji ya tsokani matar wansa, kaka ta ce wa jikanta "angona", taubasai su yi ta ja-in-ja. Kowa ya san da wa ake wasa, ya san gaban wa ake sunkuyar da kai.

Lokacin aikin hajji unguwar takan canja kama. Motoci daga ƙananan hukumomi su cika bakin sansanin alhazai, 'yan rakiya su kwana a kan tabarmi. Tsohuwa ta tafi tana Inna, ta dawo da haƙorin Makka tana Hajiya, kuma daga ranar har mijinta haka zai kira ta. Na san magidanta da wannan laƙabi ya warware wa matsala, don sun samu abin da za su kira matansu da shi a bainar jama'a ba tare da kunya ta kama kowa ba.

Wata rana a tasha na ga amfanin wannan duka da idona. Wata tsohuwa ce da ƙullin kaya a ka ta tsaya a hanyar mota, wani yaron mota ya daka mata tsawa: "Ke, matsa mana!" Sai wani dattijon direba ya ajiye kofin shayinsa ya taso. Bai zage shi ba. Ya ce, "Kai, ba ka baro irinta a gida ba? Ce mata Inna." Yaron ya rusuna ya ce, "Yi haƙuri, Inna." Da ya faɗi haka sai ya kasa tsayawa hannu rabbana, ya sauke mata kayan, ya kai su har bayan motar da za ta shiga, ya nema mata wuri kusa da taga. Wadda ka kira uwa ta hau kanka da haƙƙi, ko ka shirya ko ba ka shirya ba.

Mu da muka tashi da finafinan Indiya a kaset mun lura tun muna yara cewa su ma matansu na gargajiya ba sa faɗin sunan miji, kuma ina jin yana cikin abin da ya sa iyayenmu mata suke ganin kansu a ciki. Daga baya na karanta game da mabiya ɗarikar Baishnaba, masu bautar Bishnu da Kirishna, musamman ƙungiyar Hare Kirishna da Bhaktivedanta Swami Prabhupada ya kafa a birnin New York a 1966, wadda har a Legas tana da mabiya. A wurinsu ana ce wa namiji "prabhu", wato ubangida, mace kuma "mataji", wato uwa, bisa koyarwar cewa duk macen da ba matarka ba ka ɗauke ta uwa. Sun daɗe suna muhawara a kai. Wasu matansu na cewa a farkon ƙungiyar kowa "prabhu" ne, kuma kiran uwa ya zama hanyar tura su sahun baya. Addininmu da nasu hanya daban-daban ce, amma ƙorafin matan nan ban ji shi baƙo ba. Na san mata a Mando da aka yi ta girmamawa da Hajiya da Uwargida, alhali ba a taɓa neman shawararsu kan auren 'yarsu ba.

Yau amarya takan kira mijinta da sunansa, ko da wani sunan soyayya da ta ajiye a waya, kuma wannan bai dame ni ba, tsakaninsu ne. Abin da ke ci mini rai yana kan titi. Ɗan acaɓa ko mai Keke Napep ya dubi matar da ta haifi kamarsa ya ce "ke", ya dubi 'yar makaranta ya ce "'yan mata, zo mana", manya na zaune a gefe kowa ya duƙufa kan wayarsa. 'Ya'yana maza na hana su wannan tun suna ƙanana, kuma nakan tare na maƙwabta ma in na ji, ko da iyayensu za su ga na yi shisshigi.