Gardamar Smith da Roosevelt

A shekarar 1928 Alfred Smith ya bar kujerar gwamnan Jihar Niyok don neman shugabancin Amurka, ya lallashi abokinsa Franklin Roosevelt ya tsaya a gurbinsa. Smith ya faɗi, Roosevelt ya ci. Bayan shekara huɗu kuma sai ga Roosevelt ya zama shugaban ƙasa, a lokacin da ciniki ya mutu, bankuna suna ta rushewa, wajen mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikata ba shi da aikin yi.

Sa'ad da ya ke neman ƙuri'a a 1932, Roosevelt ya zargi Shugaba Hoover da almubazzaranci, har ya yi alkawarin rage kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tafiyar da gwamnati. Da ya hau sai ya bi wata hanya dabam. Ya kafa hukumomi barkatai, aka ɗauki marasa aiki suna gina hanyoyi da madatsun ruwa, aka biya manoma su rage noma don farashi ya tashi. A 1933 har aladu wajen miliyan 6 aka yanka saboda wannan, ga shi kuwa a birane mutane suna jerin gwano don karɓar miyar sadaka. Bashin gwamnati ya tashi daga wajen dala miliyan dubu 22 a 1933 zuwa fiye da miliyan dubu 33 a 1936. Dokar haraji ta 1935 kuwa ta ɗora kashi 79 cikin ɗari a kan abin da mutum ya samu sama da dala miliyan 5 a shekara.

Masu ra'ayin riƙau suka ce ba su yarda ba. Hujjarsu ita ce, bashin yau 'ya'ya da jikoki za su biya, kuma attajirin da aka tsorata da haraji ba ya buɗe sabuwar masana'anta, balle ya ɗauki ma'aikaci. Abin da ya fi damunsu shi ne ikon da ke barin jihohi da majalisa yana taruwa a hannun mutum guda. A 1934 suka kafa ƙungiya da sunan kare 'yanci, Smith yana cikin shugabanninta.

A watan Janairu na 1936 ya tsaya a wani babban otal a Washinton ya yi wa tsohon abokinsa tatas, ya ce ya yi watsi da alkawuran jam'iyyarsu, yana kuma zuga talaka a kan mai dukiya. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma wurin faɗarta ya ɓata ta. Smith ɗan talakawa ne, wanda ya yi ƙuruciya yana aiki a kasuwar kifi, sai ga shi yana kukan haraji a gaban attajirai irin gidan du Pont, waɗanda su ne ke ciyar da ƙungiyar. Wanda ya kwana da yunwa ba zai saurari wa'azin tsimi daga bakin ƙosasshe ba. A zaɓen wannan shekara Roosevelt ya ci jihohi 46 cikin 48.

Wannan rinjaye shi ya ruɗe shi. Da ma Kotun Ƙoli ta soke masa manyan dokoki biyu, ta masana'antu a 1935 da ta noma a 1936. Saboda haka a Fabrairun 1937 ya nemi izinin ƙara alƙalai har shida a kan tara da ke akwai, yana fakewa da cewa tsofaffin aiki ya yi musu yawa. Nan fa mutanen da suka toshe kunne ga zancen haraji suka farga. Attajirai ba su ko sha wahala ba, domin 'yan jam'iyyarsa ne da kansu suka tare shi, Sanata Burton Wheeler yana gaba. A watan Yuli majalisar dattawa ta mayar da ƙudurin kwamiti da ƙuri'a 70 a kan 20, can ya mutu. Alƙalan kotun suka zauna tara yadda su ke.