Damagaram: daga toka zuwa Ista

Duk wanda ya sauka Damagaram cikin watan Afrilu, zafi ne ke fara yi masa maraba. Manyan duwatsun Birni sun sha rana har ba su taɓuwa, ƴan garuwa na kai da kawowa tsakanin Zango da Sabon Gari, a kasuwar Dole kuwa kuɗin hatsi ya soma hawa. A wannan tsakiyar bazara ne Kiristocin garin ke bikin Ista, wanda ma'aikata suka fi sani da hutun Litinin na Pak. Ba su da yawa, amma ba baƙi ba ne: tun 1924 ƴan mishan na SIM suka zauna a wannan birni.

Bikin ba shi da tsayayyar rana; yana faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Kafinsa akwai azumin kwana 40, wanda Katolika ke buɗewa da Larabar Toka, ranar da limaminsu ke shafa wa kowa toka a goshi don tuna masa cewa ƙasa ce makomarsa. Ran Jumma'ar ƙarshe wa'azi kan koma kan wahala, domin a imaninsu ran nan aka gicciye Yesu Almasihu. Daren Asabar a hura wuta a ƙofar majami'a, a kunna kyandir, a shiga da shi cikin duhu. Lahadi a yi shelar tashinsa daga matattu.

A 2015 wannan wa'azi ya zo wa mutanen Damagaram da wani nauyi dabam. Ran Jumma'a 16 ga Janairu, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta rikiɗe ta zama tarzoma. Aka ƙone majami'u, aka ƙone cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar. Kashegari wutar ta kama a Yamai. Cikin kwana biyun nan mutum 10 suka rasu. Kiristoci da dama suka fake a barikin soja, wasu kuma maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su cikin gidajensu.

Larabar Toka ta shekarar ta faɗo ran 18 ga Fabrairu, wata guda ke nan bayan gobarar, ba wanda ke bukatar a fassara masa ma'anar toka. Shugabannin Kirista na ƙasa suka yi kira ga yafiya, suka hana ramuwa. Ista ta zo ran 5 ga Afrilu, bangayen majami'u na nan da baƙin hayaƙi, aka kuma yi ta.

Mai wa'azin sa zuciya a wannan ƙasa ba ya rasa misali. Manomin Mirya ko na Magarya kan yi binne: ya zuba irin hatsi cikin busasshen rairayi, alhali rumbu ya kusa ƙarewa, sama kuma ba ko gajimare. Mai wucewa ya ga asara, shi kuwa ya ga damina. Musulmi da Kirista sun sha bamban a kan gicciye, amma dukansu sun yarda kabari ba shi ne ƙarshen ɗan Adam ba. Kuma in ruwan farko ya sauka, ba ya tsallake gonar kowa don addininsa.